Biza ta shigar da kai, wa zai zaunar da kai?

Jama'ar Tawa, da ku ƴan uwa da ke Yamai kuna jiran kiran dillali: kafin a jinginar da gona ko a kora shanu kasuwar Badagishiri don a haɗa wa yaro kuɗin tafiya, a tambaya wace irin biza ce za a buga masa. Da yawa daga cikin masu ɓuya yau a Jidda da Dubai da Faransa da halastacciyar biza suka shiga. Abin da ya kayar da su shi ne bizar ta ziyara ce, su kuma zama suka je yi. Mu Adarawa mun iya tara kuɗin mota da na jirgi, amma ba mu cika sa kuɗin takardar zama a lissafi ba, alhali ita ce ke raba mai aiki da mai gudun ƴan sanda.

A Saudiyya aka fi cutar mutanenmu. Bizar umara ta ibada ce. Ba a aiki da ita, kuma dillalin da ya ce "ka shiga tukuna, a can za a mayar maka da ita igama" ƙarya yake; igama ita ce takardar izinin zama ta Saudiyya. Hanyar aiki ɗaya ce: kafili, wato wanda zai ɗauke ka aiki, ya fitar da bizar aiki da sunanka tun kana gida, a yi maka gwajin lafiya, ka sauka, shi kuma ya ciro maka igama cikin kwana 90. Kuɗin igamar da sabunta ta a kansa suke bisa doka. Sana'ar da aka rubuta a jikinta ita kaɗai ka ke da izinin yi, kuma wurinsa kaɗai.

Nan ne tarkon da ake kira biza mai ƴanci yake. Wani ya sayar maka da biza, ya ce je ka nemi aikinka, ka riƙa ba shi wani abu duk wata. Dokarsu ba ta san wannan ba. Ran da kuka saɓa, ko ya ga biyan ya yi jinkiri, sai ya kai rahoton hurub, cewa ka gudu daga aiki. Wannan rahoton na iya fitar da kai daga ƙa'ida, ko da igamarka na aljihu da sauran wata shida. Gyaran da suka yi a Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya, ya kuma nemi izinin fita da dawowa ba sai kafili ya yarda ba. To amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida, direbobin gida, makiyaya da masu aikin gona ba, kuma waɗannan ne ayyukan da ake kai ƴan Nijar. Uwar da za ta saki ɗiyarta aikin gida ta nemi ganin kwantaragi a rubuce, da albashi da sunan kafili, kafin a karɓi fasfo. Wanda aka kama aka kai tarhil kuwa, wato gidan tsare waɗanda za a kora gida, an ɗauki zanen yatsunsa. Canza suna a sabon fasfo ba ya goge yatsa.

A Dubai kuwa akwai tarar dirhami 50 a kan kowace ranar da aka wuce wa'adi. Shekara guda ta haura dirhami 18,000.

Turai kuma lissafi ne, kuma mutane na kuskurensa. Bizar Shengen ta gajeren zama kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ana ƙirgawa baya daga ranar da ka ke. Ko an buga maka ta shekara biyu, ba zaman shekara biyu aka ba ka ba. Kuɗinta yuro 90 tun Yuni 2024, kusan jika 59, kuma in an ƙi ba a mayarwa. Tun Oktoba 2025 sun fara ɗaukar hoton fuska da yatsu a kan iyaka da na'ura, ita ke ƙirga kwanakin. Mai son zama sai ya nemi biza ta dogon zama, ta karatu ko aiki ko haɗuwa da iyali, tun daga gida. A Faransa, a 2025, ana neman ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 duk wata, sama da jika 400, kuma aikin da aka yarje masa bai wuce awa 964 a shekara ba, saboda haka kada a ce aikin ne zai riƙe shi. Ƙananan kurakurai ne ke tashin yara da yawa: rashin tabbatar da bizar ta intanet cikin wata uku da sauka, ko jiran takardar zama ta mutu kafin a nemi sabuwa, alhali tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin ƙarewarta ake ajiye buƙata. Ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai rufe yake tun Janairu 2024. Masu cewa a ruga Kotonu ko Lome su sani ƙa'idar ita ce a nema a ƙasar da mutum ke zaune bisa doka, sai in ya kawo hujjar da ta gamsar da su.

Amurka ba ta buƙatar dogon bayani. Wuce wa'adi da sama da kwana 180 na jawo hanin shiga na shekara 3, wuce shekara ɗaya na jawo na shekara 10.

Sai maƙwabta, inda akasarin ƴan bida ke zuwa. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba da shiga ba biza na kwana 90, ba zaman dindindin ba, ko a da can. Nijar ta fita a 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu da barin mu zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Alfarma ce, kuma alfarma ana iya janye ta. Har yanzu muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa, wadda ta haɗa mu da Kwaddibuwa, Benin, Togo da Senegal, amma Najeriya da Gana ba sa ciki. A Gana dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙaramin ciniki a kasuwa ga ƴan ƙasa, shi ya sa ake rufe wa baƙi shaguna lokaci zuwa lokaci. Na Aljeriya ba sai an faɗa wa ɗan Tawa ba: wanda ba shi da takarda ana sauke shi a bakin iyaka, ya taka kusan kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka, kuɗin aikinsa na hannun mai gini.

Ni a ganina rabin wahalar nan daga gida ake ɗaukarta, a cikin takardunmu. Takardar haihuwa ta ce Mahamadu, katin ɗan ƙasa ya ce Mamman, takardar lakkal ta ce Mahaman, shekarar haihuwa kuma "wajen" kaza. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke duba fayil a waje mutum uku yake gani. A daidaita suna da kwanan wata a kotu kafin a je DST, ofishin ƴan sanda mai ba da fasfo. Fasfonmu shekara 5 yake yi, kuma ƙasashe da yawa ba sa buga biza a wanda bai da sauran wata shida, don haka a fara neman sabo tun da saura shekara. Takardar shaidar rashin laifi wata uku take aiki, a ciro ta a ƙarshe, ba da fari ba. Da an sauka a yi katin ƙaramin ofishin jakadancin Nijar, domin da shi ake samun takardar komawa gida in fasfo ya ɓata ko kafili ya riƙe. A ɗauki hoton kowace takarda a bar wa wani a gida.

Wanda ya haihu a can kuma ya kai takardar asibiti ofishin jakadancinmu a rubuta yaron tun yana jariri. In aka bari ya girma ba rajista, ba zai samu fasfon Nijar da sauƙi ba, ƙasar da aka haife shi kuma, in Saudiyya ce ko Dubai, ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don an haife shi a cikinta.