Kafin gardamar horo ko gyara, a duba su wa ke tsare a gidan yari

Duk ranar da aka fasa wani gidan yari a Najeriya, gardama ɗaya ce ke tashi a teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo. Wasu su ce gidan yari wurin shan wuya ne, wanda ya ɗanɗana kuɗarsa ba zai so komawa ba. Wasu su ce tun da a 2019 gwamnati ta sa masa suna gidan gyaran hali, to a gyara halin. Ina da matsaya a kan wannan, kuma zan faɗe ta. Amma ɓangarorin biyu suna tsallake wani abu mai nauyi, wato mafi yawan mutanen da ake gardama a kansu babu alƙalin da ya taɓa cewa sun yi laifi.

Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali na 'yan shekarun nan sun nuna mutum wajen 80,000 ne ke tsare, kuma kusan biyu cikin uku masu jiran shari'a ne. To wanda ba a tabbatar masa da laifi ba, a kan me za a hore shi? Wane hali nasa za a gyara?

Yadda mutum ke maƙalewa a ciki sananne ne ga duk wanda ya taɓa zaryar kotu. A kama saurayi, a rubuta masa tuhuma mai nauyi kamar fashi da makami, a kai shi gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraren irin wannan ƙara. Abin da majistaren zai iya kawai shi ne ya tura shi ajiya, a aika fayil ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Daga nan sai fayil ya kwanta. Yau a ce an yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, gobe a ce shaida bai zo ba, jibi motar kai fursunoni kotu ba ta da mai. In ma an ba da beli, sai a ce a kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili ya tsaya masa. Ɗan dako ko mai tura baro, a ina zai samo su? Da haka wani zai shekara uku yana jiran shari'ar laifin da ko an same shi da shi, ɗaurin wata shida ne.

Na taɓa bin wata tawaga da ta kai abincin buɗa-baki wani gidan yari da azumi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba, wanda bai roƙe mu abinci ko kuɗi ba. Roƙonsa ɗaya: mu gaya wa mahaifiyarsa inda yake, don yana zaton ba ta sani ba.

Kuma ba doka aka rasa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa zuwa kwana 14, kuma ba a ƙara shi sai da dalilin da kotu ta gamsu da shi. Ta buɗe ƙofar hukuncin yi wa al'umma aiki da jingine ɗauri. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma, a sashe na 12, ta ba shugaban hukumar na jiha damar sanar da babban alƙalin jiha idan gida ya cika, in aka yi wata uku ba a rage ba ya daina karɓar sababbi. Sau nawa muka ji an yi amfani da wannan dama? A Disambar shekarar da aka sa wa dokar hannu, wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a gidan yarin Ikoyi da ke Legas, wanda aka gina don mutum 800 amma aka cusa masa fiye da 3,000.

Matsayata ita ce horo da gyara ba kishiyoyi ba ne, mun dai ɗora wa horon abin da babu shi a cikinsa. Alƙali ya ce shekara biyar, to hukuncin ke nan: rabuwa da iyali da kasuwa da 'yancin fita. Bai yanke wa mutum yunwa ba, bai yanke masa ƙazuwa da tarin fuka ba, bai ce a yi barci bi da bi saboda babu wurin miƙe ƙafa ba. A ƙarshen 2023 shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa Naira 750 ake ciyar da fursuna a rana, karen tsaro kuma Naira 800. Daga baya an ɗaga kuɗin zuwa Naira 1,125. Duk mai zuwa kasuwa ya san abin da wannan zai saya a ci sau uku.

Ba na raina hujjar masu cewa a matsa. Wanda aka yi garkuwa da ɗansa ya sayar da gona ya biya fansa, ko wadda 'yan daba suka sare ta saboda waya, maganar koya wa fursuna ɗinki tana yi musu zafi, kuma suna da gaskiya su ji zafin. Akwai mutanen da dole a killace su da tsaro mai ƙarfi na tsawon lokaci. Sai dai cunkoso shi ne babban mai taimakon irin waɗannan. Gandiroba ɗaya ba zai sa ido a kan ɗakin da ya ninka adadinsa ba. Mun ga Owerri a Afrilun 2021, inda fiye da 1,800 suka tsere, mun ga Kuje a Yulin 2022. A Suleja a 2024 ko bindiga ba a harba ba, ruwan sama ne ya rushe tsohuwar katanga fiye da mutum ɗari suka fice. Sannan in ka haɗa ɓarawon akuya da ƙasurgumin ɗan fashi a ɗaki guda tsawon shekara biyu, ka san wanda zai zama malami da wanda zai zama ɗalibi. Yaron nan kuma zai fito, unguwarmu zai dawo, ko mun so ko mun ƙi.

Inda aka gwada gyaran da gaske an ga amfaninsa. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a wasu gidajen yari, fursunoni suna karatu kyauta har sun yi digiri. Amma wannan ɗigo ne a teku, kuma mu da ke waje muna rushe shi, domin tsohon fursuna ba ya samun haya ko aiki ko aure cikin sauƙi.

A Nuwamban 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tara Naira miliyan 585 daga masu taimako aka biya wa mutum 4,068 tara da diyya suka fita. Abin a yaba ne. Amma raba kuɗin ka gani, kowane mutum bai kai Naira 150,000 ba. Talauci ne ya tsare su, kuma muddin ƙananan kotuna suna ci gaba da tura masu ƙananan laifi ciki, gurbin da aka buɗe ba ya daɗewa.

Wannan ya sa nake ɗora nauyin a wuyan gwamnoni. Mafi yawan masu tsare dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa, kotunan jiha ne suka tura su, ma'aikatun shari'a na jiha ne ke riƙe da fayilolinsu, amma tarayya ce ke ciyar da su. Wanda ba ya biyan kuɗin tuwo ba ya damuwa da yawan baƙi. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gina nasu gidajen da gudanar da su, saboda haka uzurin ya ƙare. A Kano an gina sabon gida a Janguza mai ɗaukar mutum 3,000 don a sauƙaƙa wa Kurmawa da Goron Dutse, amma gini kaɗai cika zai yi. Kowane kwamishinan shari'a ya buga, duk wata uku, yawan fayilolin da ke jiran shawara a ofishinsa da tsawon lokacin da kowanne ya yi, babban alƙalin jiha kuma ya shiga gidan yari da wannan takarda a hannu ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya.