Ranar da Dokar Shaida ta sha mai a Gadarif

A Sudan takardar digiri ba ta mai da mutum lauya. Kana gama jami'a akwai wata katanga a gabanka, jarrabawar mu'adala, wadda ake shiryawa a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. In ba ka haye ta ba, babu alƙalanci, babu aikin gabatar da ƙara, babu lauyanci. In ka haye kuma lauyanci kake so, sai ka je ka yi shekara kana riƙe wa wani babban lauya jaka kafin a yi maganar lasisi. Na yi wa mutanen gidanmu wannan bayani har bakina ya bushe. A banza. Tun ina ajin farko suke ce mini Maulana, laƙabin da ake kiran alƙalai da lauyoyi da shi a nan, kuma duk wanda akuyar maƙwabci ta ci masa dawa wurina yake zuwa.

Da na shiga shekarar ƙarshe sai na ce ba zan jira a kammala ba, gara in fara shiri tun da sauran sarari. Dokokin da za a tambaye mu ba ɓoyayyu ba ne: dokar laifuffuka ta 1991 da ta bin matakan shari'ar laifi ta wannan shekarar, dokar matakan ƙarar madani (wadda ba ta laifi ba) ta 1983, dokar mu'amaloli ta 1984 mai sashe fiye da 800, dokar aure da gado ta Musulmi ta 1991, sai dokar shaida ta 1994. Na zauna na taƙaita su da hannuna a kan fallayen takarda, da jan biro a ƙarƙashin duk abin da malamai suka ce yana yawan fitowa. Rabin aikin da fitilar waya na yi shi, don wutar lantarkinmu ba ta alkawari da kowa.

Wurin ajiya ne matsalar. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gidanmu ya cika. Gwaggo ta zo daga Khartum da 'ya'yanta, da garin Wad Madani ya faɗi a Disamba sai ga iyalan Baffa su ma. Aka ba mata ɗakina, ni na koma zaure da gadon igiya da kwali guda. A cikin kwalin nan, a ƙarƙashin gado, duk ilimina yake kwana.

Wata Laraba na dawo daga lacca bayan la'asar, na jawo kwali, sai na ji ya yi sauƙi. Dokar shaida ta tafi gaba ɗayanta. Ta matakan shari'ar laifi kuma an ci rabinta.

Na shiga cikin gida ina huci. Inna ta ɗago kai daga kaskon kisira, siririyar wainar dawa, ta ce, "Maulana, ka ci abinci tukuna."

"Inna, an yi mini sata."

"A'uzu billahi! Waya ce?"

"Takardu."

"Au," in ji ta, ta koma kan kaskonta.

Na tara yaran gidan a gindin dalbejiya, na jera su bisa tsawo, na buɗe bincike. Ga dama ta samu in gwada abin da na karanta. Shaida ta farko, 'yar Gwaggo, ta ce ta ga komai da idonta amma sai na saya mata alewa. Doka ta ce kotu ta yi hattara da shaidar mai wata maslaha, don haka na sallame ta. Na biyu ya ce ƙanensa ne, amma da safe suka yi faɗa a kan ƙwallo, to ga gaba a fili, shi ma na ajiye shi gefe. Ina cikin tunanin yadda zan yi da shari'ar da duk shaidunta gurɓatattu ne, sai autan Baffa, wanda ko haƙoran gaba bai gama mayarwa ba, ya ɗaga hannu da kansa.

"Yaya Maulana, ni na ɗauka. Kawu ya ce in samo masa takardun da ba a so."

"Wa ya ce maka ba a son waɗannan?"

"Na ga duk an ɓata su da jan biro."

Ikirari cikakke, babu duka babu tsoratarwa, irin wanda 'yan sanda ke mafarkin samu. Sai dai Dokar Yara ta 2010 ta ce ba a tuhumar wanda bai kai shekara 12 ba. Na kalle shi, ya kalle ni, ya nemi alewar da aka hana 'yar Gwaggo.

Kawuna mai agashe ne, wato tsiren Sudan, kuma duk Gadarif ban san wanda ya fi shi hannu ba. Ana sallame magariba yake kafa tukubarsa a bakin titi, ya jera tsinkaye kewaye da garwashi, naman an fere shi siriri an birkiɗe shi cikin garin gyaɗa da yaji. Na iske layi. Ina tsaye ya zare nama daga tsinke uku, ya watsa albasa, ya matsa lemon tsami, ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya zaro falle guda. Rubutuna ne. Na ga kan maganar da idona, sharuɗɗan mai ba da shaida, da jan layi biyu a ƙasa. Kafin in buɗe baki mai ya ratsa takardar, sharaɗi na ɗaya zuwa na huɗu suka zama gilashi, ana hango albasa ta bayansu.

"Kawu, barka da yamma. Takardar nan tawa ce."

"Maulana! Lale. A sa maka na nawa?"

"Kawu, sashe na 174 na dokar laifuffuka, sata ke nan."

Bai ko daina fifita wuta ba. "Karanto mini shi."

Na karanto: wanda ya ɗauki dukiyar wani daga hannunsa da mugun nufi ba da yardarsa ba.

"To ni ka ga na ɗauka? Kawo mini aka yi. Mugun nufi kuma, ɗan nan, ni da na yi maka yankan suna?"

Na koma sashe na 182, ɓarnata dukiya. Ya ce takarda ba ta ɓaci ba, ga ta nan tana aiki, yau ma ta fi amfani. Na juya kan masu saye na ce duk wanda ya karɓi ƙunshi ya sani akwai sashe na 181, karɓar kayan sata. Wani dattijo mai sayar da ruwa a amalanken jaki ya tsaya da tauna, ya dubi ƙunshinsa, ya dube ni, ya tura sauran naman a baki gaba ɗaya, ya miƙo mini takardar da hannu biyu. Shi kaɗai ya girmama doka a wurin.

Kawu bai yi boko ba, amma ya yi shekaru a gaban malaman zaure, kuma nan ya kwance mini jaka. Ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ina hujjata cewa takardun nawa ne? Akwai sunana? Babu. Akwai shaidu biyu adilai? Sai yaro mai giɓi. Na ce rubutun hannuna ne. Ya ɗaga falle ɗaya a gaban fitila, ya kira masu saye su gani, ya ce a gaya masa tsakani da Allah ko wannan rubutun mutum ne. Aka bushe da dariya. Abin haushin, ƙa'idar da ya kayar da ni da ita tana shafi na biyu na taƙaitawata, wanda a lokacin wani ɗan rakasha, mai babur mai ƙafa uku, ya riga ya wuce da shi.

Na ƙwace abin da ya rage a ƙarƙashin tebur, na bi titi da fitilar waya ina tsince. Na samu wasu a bakin kwata, wasu wajen mai shayi an goge hannu da su. Babin rantsuwa a bakin akuya na gan shi, muka yi ja-in-ja, ta tafi da rabin sama.

Da dare magana ta kai kunnen Kaka, ta ce ba za a kai ɗanta kotu a kan takarda ba, sulhu za a yi irin na gida. Ta zauna a kan darduma da carbinta, ta sa aka kira mu.

"Kai maigidana," ta ce da ni, "shekara nawa kana karatun nan, mai nama ya kayar da kai a tsaye? Ni dai a sake ni in auri wani."

Ta yanke hukunci ba tare da ta saurari kowa ba. Kawu zai riƙa ba ni tsinke biyu kullum har ranar da zan rubuta mu'adala. Ni kuma ranar da sakamako ya fito na ci, kwalin gaba ɗaya nasa ne, har da dokar mu'amaloli. Na ce ina da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Ta ce in ɗaukaka zuwa wurin Inna. Inna ta ce in ci abinci tukuna.

Yanzu ina sake rubuta dokar shaida, kwalin kuma da shi nake matashi. Kawu ya lissafa abin da tsinke biyu kullum zai ci masa, ya gano cewa ko digirin ban karɓa ba balle a sa ranar jarrabawa, kuma wanda ya faɗi sai ya jira wani zagaye. Duk dangi babu mai yi mini addu'a kamarsa. Jiya da na je karɓar rabona ya riƙe ƙunshin bai saki ba.

"Maulana, wai ita jarrabawar nan, ba a roƙon su matso da ita?"