Wai ni za a koya wa ruwa

Ranar Asabar da ta wuce wani abokin aikina Bature ya matsa sai na bi shi tuƙin kayak a bakin tekun Nanaimo, nan tsibirin Bankuba a Kanada. Muna sauke jirgin daga saman mota ya dube ni ya ce, kada in ji tsoro, ya san mu mutanen hamada ne. Ni da aka haifa a Yauri! Ni da kakana ya tsufa yana fito a Kogin Kwara. Na haɗiye maganar, amma har yau tana cina.

Kayak ɗin nan wani siririn kwale-kwale ne na roba, rufaffe, sai rami ɗaya a tsakiya da mutum zai zura ƙafafunsa ya zauna kamar an dasa shi. Filafilinsa baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu. Asalinsa na Inuwit ne, mutanen ƙanƙara, da shi suke farauta. Yanzu ya koma abin hutun masu albashi. Wasu su tuƙa mota har Tofino a gaɓar yamma, wasu su kwana a tanti a tsibiran Broken Group, sama da 100 a Barkley Sound, wasu su hau arewa mashigin Johnstone don kawai su hango orka, wannan ƙatuwar dabbar teku mai baƙi da fari, ta fito ta fesa numfashi. Mai gudun igiyar teku kuma ya tafi tafkin Buttle ko na Cowichan. Kuɗi suke biya su gaji, su dawo ba ko tarwaɗa ɗaya.

Gaskiya wurin da kyau. Mun zagaya ƙaramin tsibirin Newcastle, ruwan garai-garai har kana ganin duwatsun ƙasa, ga sanyi kamar ya yanke yatsu. Amma in ana maganar sanin ruwa, a bar wa Sarkawa. Yaro ɗan shekara 10 a garinmu zai tsaya cak a gindin jirgi da gora, ya karanta ruwa da ido. Su nan sai sun duba waya.

Abin da ya kashe mini jiki daban ne. Kafin mu shiga, mai ba da hayar ya ƙirga kaya ɗaya-ɗaya: rigar ceto, usur, famfon kwashe ruwa, igiya mai yawo a kan ruwa ta mita 15. Doka ce, ba alfarma ba. Ya ja maɗaurin rigata da hannunsa ya ga ko ta kama. Duk wannan saboda ni kaɗai, ƙato da gemu, mai zuwa wasa.

Sai Wara ta faɗo mini, watan Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da mutum sama da 150 'yan kasuwa ya nutse. Sai Bagwai, ƙarshen Nuwamban shekarar, wani jirgin ya kife da mutane, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Kada kowa ya zagi masu fito a gabana, su ma abin da suka tarar ke nan, kuma da nasu 'ya'yan a cikin jiragen.

Daren nan na kira ɗan baffana da ke fito har yanzu. Na ce, "Yaya, in na aiko da riguna 20 fa?" Ya yi dariya ya ce in aiko, amma in sani ranar kasuwa 20 ko rabin jirgi ba su kai ba. Sai ya tambaye ni yaushe zan zo gida.