Kati 500 da lambar wani bawan Allah

Gyaran kwamfuta da firinta ne sana'ata, kuma shekara 6 ina yi ban taɓa tallata kaina ba. Wanda ya zo ya zo, wanda bai zo ba Allah ya haɗa mu da alheri. Da ciniki ya ja baya, har na koma goge ƙurar tebur sau uku a rana don kada a ce zaman banza nake, sai ƙanwata mai karatun kasuwanci a jami'a ta zaunar da ni.

"Yaya, aiki kam ka iya. Mutane ne ba ka sani ba."

Na ce ni da nake da abokai kamar ƙasa? Ta ce ai nan gizo ke saƙar. Wai tun 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin samun aiki ya fi isowa ta bakin wanda ka sani sama-sama, ba ta bakin amini ba. Amininka inda kake shiga nan yake shiga, abin da ka ji shi ma ya ji. Wanda kuke gaisawa jefi-jefi kuwa, shi ke yawo cikin wasu mutanen daban. Na yi tsit, don aminaina duk sun san sana'ata, kuma duk kyauta nake yi musu.

Ta samo mini wani taro da ƙananan 'yan kasuwa ke yi don sanin juna. Ta ce in tanadi abu biyu: katin da ke ɗauke da sunana da lambar wayata, da ɗan jawabin daƙiƙa 30 mai bayyana ko ni wane ne da abin da zan iya yi wa mutum. Na ba da aikin kati 500. Da ta ji adadin sai ta riƙe baki, ta ce wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa ta sosai da fiye da mutum 150 ko kusa da haka. Na ce Dunbar ba shi ke biya mini kuɗin haya ba.

Kwana huɗu ina haddar jawabin nan a gaban madubi. Ɗana mai shekara 7 ya riga ni haddacewa, har yana gyara mini in na yi tuntuɓe.

Ranar taro na shiga zauren aljihu huɗu cike da kati. Na hango wani mutum tsaye shi kaɗai, fes da shi, da gani ka san mai ofis ne mai firinta da yawa. Na tunkare shi na sauke masa jawabina tas, ban ko ja numfashi ba. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya shiga tambaya: ina nake samo kayan gyara, yaya nake yi da firintar da ke cin takarda, wane irin ofisoshi ne suka fi kirana. Na ce a raina yau kakata ta yanke saƙa. Na zazzage masa komai, har da dabarar da na shekara biyu kafin in gano ta. Da na gama ya yi murmushi ya miƙo mini katinsa. Gyaran kwamfuta da firinta.

Daga baya ƙanwata ke gaya mini cewa ƙungiyar BNI, ta 'yan kasuwa masu haɗuwa don tura wa juna kwastomomi, wadda Ivan Misner ya kafa a 1985, mutum ɗaya tak take ɗauka daga kowace sana'a a kowane reshe. Na ce lallai shi ma wani ya taɓa tatse shi a tsaye.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, kowa a zauren nan sayarwa ya zo yi, babu mai saye. Wata Hajiya mai harkar inshora ta tare ni, ta fara nata jawabin daidai lokacin da na fara nawa. Ba wanda ya tsaya wa wani. Muka gama tare, muka yi musayar kati kamar ana musayar fursunoni, kowa ya kama gabansa. Daga nan na daina zaɓe. Na ba mai ɗaukar hoto, na ba mai gadi, na ajiye a kan kowace kujera. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wannan na uku ke nan ka ba ni."

Ana cikin haka babban baƙo ya tashi zai yi jawabi, majigi ya ƙi nuna komai sai shuɗin bango. Mutum uku suka rufu a kai, wannan ya zare waya wancan ya mayar. Baƙo sai gumi yake. Ni kuwa hannuna ya fara ƙaiƙayi, na manta da jawabi, na manta da kati, na je na danna maɓallin Windows tare da harafin P, na zaɓi a nuna allon kwamfutar a majigin ma. Hoto ya fito tar. Zaure ya ɗauki tafi. Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a, wa ke son lambar wannan bawan Allah?" Sai aka yi ta ɗaga katina sama. Da ma kowa yana da shi, wasu har bibbiyu.

Na koma gida ina tafiya kamar wanda aka naɗa. Na cika waya da caji, na roƙi maiɗakina ta daina kirana da rana kada ta tare wa kwastomomi layi. Kwana ɗaya shiru. Kwana uku shiru. Na kashe wayar na kunna, na cire sim na hura masa iska na mayar. Har na fara zargin mutumin nan fes-fes da bin mutane yana ɓata ni.

A rana ta 10 ɗana ya ɗauki kati ɗaya yana koyon karanta lambobi da ƙarfi. Ya kai ƙarshe ya tsaya.

"Baba, wannan lambar wa ce?"

Lambobi biyu na ƙarshe sun yi musayar wuri. Kuma ba ni da bakin ɗora wa mai bugawa laifi, don ya turo mini samfuri ya ce in duba da kyau. Na tsaya kallon yadda sunana ya fito da manyan baƙaƙe, na amsa masa da "ya yi".

Hannuna na rawa na buga lambar da ke jikin katin. Wani tsoho ya ɗauka, ko sallamata bai bari na ƙarasa ba.

"In maganar firinta ce, bari in ba ka lambar yaron."

"Wane yaro, Baba?"

Ya ce kwana goma ke nan mutane sun hana shi sakat, ya ƙirga kira ya fi 30. Da farko yana ce musu kuskure ne, har da faɗa. Da ya gaji sai ya tuna ɗan maƙwabcinsa yana taɓa irin wannan aikin, shi ke nan duk wanda ya kira sai ya tura masa. Yanzu yaron aiki ya yi masa yawa, har ya ɗauki mai taya shi.

Na haɗiye wani abu mai ɗaci na ce, "Baba, ai ni ne mai katin."

"Allah sarki! Kai ne? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yaron nan kullum sai ya yi maka addu'a. Ya ma ce in Allah ya sa ka kira, in tambaye ka ko akwai sauran katin."

Na waiwaya na dubi kwalin da ke kan tebur. Saura 212.

Na ce masa zan duba.