Shekarar da na zama jaki

Tun watan Oktoba na kai wa tela shadda yadi goma, domin a zuciyata na riga na naɗa kaina Sarki Hirudus a wasan Kirsimeti na majami'armu a Kafanchan. Wa ya kai ni murya? Wa ya kai ni tumbi? Kullum da safe ina gaban madubi ina gwada tsawa, har uwargida ta fara rufe taga don kunyar maƙwabta.

Ranar rabon aiki, Maman Zumunta, shugabar matan majami'a, ta duba takardarta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Baban 'Yan Biyu, kai ne jaki."

Na ce, "Mama, a gafarce ni, na karanta Bisharar Luka sura 2 tun daga ƙidayar Kaisar Augusta har komawar makiyaya, ban ga jaki ba." Gaskiyata ce kuwa, ku je ku duba. Ta ce, "To mace da tsohon ciki, daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, goya ta za ka yi? Ko ta ina aka bi, bayanka ne dai."

Sarautar kuma aka ba wani siririn saurayi mai murya kamar ta sauro.

Ranar 25 ga wata aka zura mini buhun dusa, aka ɗaura mini kunnuwan kwali. 'Yata ce Maryamu, ta hau ta dinga zungurata da diddige, ina jin bashin bulalar bara take karɓa. Muna isa komin dabbobi, jaririn da aka aro ya ɓarke da kuka. Yusufu mijin Maryamu ya jijjiga, mala'iku suka rera waƙa, masana taurari suka kaɗa masa gwangwanin zinariya, ko a jikinsa. Hirudus ma ya leƙo daga fadarsa.

Ni kuwa ga ƙurar hunturu, ga dusa a hanci. Na danne, na danne, sai atishawa ta ƙwace, irin mai tayar da kaji. Kunne ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon baiko. Jariri ya yi tsit, ya zuba mini ido, sai ya bushe da dariya. Wata tsohuwa da ba a ga haƙoranta ba tun rasuwar mijinta ta yi ta dariya har da hawaye.

Fasto ya ajiye wa'azin da ya shirya. Ya ce Allahn da ya zaɓi komi ya bar fada, wanda ya buɗe bakin jakar da Bal'amu ya hau har ta yi magana, yau ma ga shi ya tsallake masu rawani ya yi aiki da hancin jaki. Jama'a suka ce amin, kowa yana kallona, ni ina durƙushe da kunne ɗaya.

Shaddar na sa ta da yamma wajen cin shinkafa. Yaran unguwa suka zo barka da Kirsimeti, babu wanda ya yaba ɗinkin. Atishawa kawai suke roƙo in sake.