Tsakanin Illela da Birnin Kwanni, wa ya fi wa?

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi. Duk wanda ya san Illela a jihar Sakkwato ya san tsakaninta da Birnin Kwanni ta Nijar tafiyar ƴan mintuna ce a babur, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya suke ci, gero ɗaya suke nomawa, in damina ta ƙi gaba ɗaya suke kuka. Ina da gwaggo a wannan ɓangaren ina da kawu a wancan, kuma wallahi ban ga wanda tukunyarsa ta fi ta wani nauyi ba. Amma a littafin Bankin Duniya, gwaggona tana ƙasa mai matsakaicin samun kuɗi, kawuna kuma yana ƙasa mai ƙarancin samu. To ta yaya?

Ga yadda suke yi. Duk 1 ga watan Yuli bankin yana raba ƙasashe gida huɗu, masu ƙarancin samu, matsakaita na ƙasa, matsakaita na sama, sai masu samu da yawa. Suna tattara duk abin da ƙasa ta samu a shekara ne su raba da yawan mutanenta, in kason kowa bai kai dala dubu ɗaya da ɗari da ɗoriya ba kuna gidan ƙarshe, in ya haura kusan dala dubu 14 kun shiga sahun manya. Nijeriya tana matsakaita na ƙasa, Nijar tana can ƙarshe.

Matsalar tana wurin rabon nan. Mutum goma a zaure an kawo malmala goma, ɗaya ya cinye tara ya bar wa sauran ɗaya, lissafi zai ce kowa ya ci malmala guda ya tashi. Kuɗin mai da na bankuna da kamfanonin waya na Legas su ake rabawa a takarda har da gwaggona, alhali ita ko a mafarki ba ta gan su ba, har yau da guga take jan ruwa.

Kuma alƙaluman nan suna iya tsalle dare ɗaya ba tare da komai ya canja a ƙasa ba. A 2014 da aka sake lissafin tattalin arzikin Nijeriya, aka daina aunawa da farashin shekarar 1990 aka koma na 2010, kwatsam sai ga shi ya kai kusan dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu, aka yi ta murna a rediyo. Ghana ma a 2010 ta yi irin nata ya ƙaru da kusan kashi 60, ta tsallaka zuwa gidan matsakaita. Ban ce ƙarya aka yi ba, gyara lissafi daidai ne, amma dan Allah wa ya wayi gari washegari ya ga kwanon masara ya sauka?

Shi ya sa nake ganin ƙimar Mahbub ul Haq, masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, wanda a 1990 ya fito da ma'aunin cigaban ɗan Adam a Majalisar Ɗinkin Duniya tare da su Amartya Sen, takwaransa ɗan Indiya. Ya sa a riƙa haɗa kuɗi da tsawon rai da ilimi. Da wannan ma'aunin ne asirin irin su Equatorial Guinea ya tonu, ƙasar da man fetur ya taɓa kai ta sahun masu samu da yawa amma talakanta na fama da rashin ruwan sha mai tsafta.

Sai dai ko shi ɗin ƙasa guda yake aunawa a dunƙule, mu kuma ciwonmu a ciki yake. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 na mutanen jihar ne ke cikin wannan talauci, a Ondo kashi 27. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya! Kuma sunan da Bankin Duniya ya laƙaba maku ba ado ba ne, lissafin kason kowa da aka yi rabon da shi yana cikin abin da ake dubawa wajen ba da bashi mai sauƙin ruwa da tallafin allurar rigakafi, kenan talakan Illela yana iya rasa wani taimakon saboda arzikin da bai taɓa shiga aljihunsa ba.

Ni abin da nake roƙon gwamnoninmu shi ne kowace jiha ta riƙa fito da nata alƙaluman ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, yara nawa ke makaranta, mata nawa suka rasu wajen haihuwa, rijiyoyi nawa ke aiki, a karanta a rediyo da Hausa duk shekara, gwaggona ma ta ji na Illela da kunnenta.