Zare 48 aka saya, 8 kaɗai ke aiki

Ban ambaci sunan kowa ba, kuma ba zan ambata ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma akwai wani da ya naɗa kansa gwanin harhaɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, har yana tara matasa yana koya musu cewa sirrin saurin kwamfuta shi ne a datse duk abin da ake iya datsewa daga saitin kanel. Na daɗe ina jin wannan karatu ina yin shiru, sai da na ga ɓarnarsa da idona sannan na yanke shawarar yin magana.

An kira ni in duba wata sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, da masu ita ke kukan ta yi nauyi, bayan an riga an gaya musu cewa na'urar ce ta tsufa, su nemi kuɗin sabuwa. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) biyu gare ta, kowanne da ƙwayoyi 12 masu yin lissafi, kuma kowace ƙwaya tana ɗaukar zare biyu, wato layin aiki biyu, a lokaci guda, ke nan ya kamata kanel ya ga wuraren aiki 48. Da na buga umarnin nproc, mai ƙirga wuraren aikin da kanel ke gani, sai ya nuna mini 8. Ba a ɗau lokaci ba aka gano dalili: gwanin nan da ya harhaɗa kanel ɗin ya kwaso fayil ɗin saiti na wata ƙaramar kwamfuta ya ɗora a kan sabar, ya bar CONFIG_NR_CPUS a kan 8. Wannan lamba ita ce iyakar abin da kanel zai tayar idan na'ura ta tashi, kuma zare take ƙirgawa, ba ƙwaya ba. Sauran 40 ɗin suna nan kwance, an biya kuɗinsu, ba a taɓa sa su aiki ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ribar da aka yi wannan asara dominta. Bayanin da ke cikin menuconfig, shafin da ake zaɓar saitin kanel, ya faɗa ƙarara cewa kowane wurin aiki da aka ƙara yana cin kimanin kilobait 8 ne kawai, wato abin da gwanin namu ya adana bai wuce kilobait 320 ba, a na'urar da ake auna ma'ajiyar bayananta (RAM) da gigabait. Da ya danna alamar tambaya a kan zaɓin, da ya karanta wannan da kansa. Iyakar da Linux ke karɓa a na'urorin x86 (irin na Intel da AMD) masu bit 64 ta kai 8192, amma shi ya tsaya a 8 yana kiran abin ƙwarewa.

Ba a nan ta tsaya ba. CONFIG_NUMA, mai sanar da kanel wace ma'ajiya ce ke kusa da wane furosesa, shi ma a kashe na same shi, alhali a na'ura mai furosesa biyu kowanne yana da ma'ajiyar da ke kusa da shi, kuma ɗebo bayanai daga ma'ajiyar maƙwabcinsa ya fi ɗaukar lokaci. Kanel ɗin da bai san wannan tsari ba yana iya ajiye aiki a wannan gefe, bayanansa kuma a wancan gefe, kamar a ce mutum yana dafa tuwo a ɗakin girkinsa amma garin yana gidan maƙwabta, duk ludayi ɗaya sai ya tsallaka katanga. An kuma cire CONFIG_SCHED_SMT da CONFIG_SCHED_MC, waɗanda su ne ke sanar da mai rabon aiki na kanel waɗanne zaruruwa ne ke zaune a ƙwaya ɗaya, da waɗanne ƙwayoyi ne ke tarayya a ƙaramar ma'ajiyar cikin furosesa (cache). Idan babu wannan sani, sai a cunkusa ayyuka biyu masu nauyi a ƙwaya guda, wata ƙwayar kuma tana zaune babu komai.

Ina ɗaukar wannan al'amari da zafi ne saboda na san wahalar da aka sha kafin a kai nan. Linux ya fara iya sarrafa furosesa fiye da ɗaya ne a sigar 2.0 ta shekarar 1996, kuma a lokacin babban kwaɗo guda aka sa wa kanel ɗin gaba ɗaya, ta yadda furosesa ɗaya ne kaɗai ke shiga, sauran su jira a ƙofa. Shekara 15 masana suka kwashe suna farfasa wannan kwaɗo zuwa ƙanana, har aka kawar da shi a sigar 2.6.39 a 2011. A tsakanin nan ne, a 2005, Intel da AMD suka shigo da furosesa mai ƙwaya biyu cikin kwamfutocin gida, aka kawo mai rabon aiki na CFS a 2007, sannan EEVDF ya gaje shi a sigar 6.6 a 2023. Wannan gumi duka ne mutum ɗaya ya zubar da lamba guda, sannan ya ɗora wa na'ura laifi.

Kuskure ba abin kunya ba ne a wannan sana'a, kowa ya harhaɗa kanel ya taɓa yin sa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mutum ya miƙa aiki bai buga umarnin lscpu ya ƙirga wuraren aikin da suka tashi ba, bai karanta dmesg ba, wato saƙonnin kanel, inda kanel ke faɗa da kansa cewa ya yi watsi da wasu furosesa saboda iyakar da aka sa masa, sannan ya zauna gaban yara yana cewa su yi koyi da shi.

Gyaran bai ci mini wuni guda ba. Na ɗauko saitin kanel ɗin da ya zo da tsarin Linux na sabar, na sabunta shi da umarnin make olddefconfig, na tabbatar CONFIG_SMP (mai ba da damar aiki da furosesa fiye da ɗaya) da CONFIG_NUMA suna kunne, na harhaɗa, na sake tayar da sabar, nproc ya nuna 48. Tsohon kanel ɗin kuwa ban goge shi ba, yana nan a jerin GRUB, inda ake zaɓar kanel idan na'ura za ta tashi, da saitinsa yadda aka bar shi, ko mai shi zai so ya zo ya duba.